Wayar Hannu Da Mai Raunin Gani

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini.

Ni akawu ne a Zuru. Yau shekara biyu ke nan idona ya dushe, ƙananan baƙaƙe suka gagare ni, har na ji tsoron aikina zai kuɓuce mini. Abin da ya fi ƙona mini rai, in saƙon banki ya shigo sai na miƙa wa yaro ya karanta. Kafin la'asar duk unguwa ta san albashina.

Sai wani abokina malamin makaranta ya gyara mini wayar, in na ƙwanƙwasa gilashinta sau uku sai rubutu ya kumbura. Ya kuma kunna wani abu wai shi TalkBack. Duk abin da yatsa ya taɓa sai murya ta faɗa, in za ka buɗe ka ƙwanƙwasa sau biyu. Sai da na yi mako guda ina kame-kame kafin hannuna ya faɗa. Muryar ta Turanci ce, saboda haka 'yan'uwana na Dabai saƙon murya suke aiko mini.

Jama'a, mai ɗan'uwa irina ya duba masa wayarsa, ba a biyan ko anini.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zuru.