Agadas: Ƙugiya a Garin da Ba Shi da Gulbi

Duk matafiyin da jirgin sama ya kawo Agadas daga Yamai, abin da idonsa zai fara gani ta taga shi ne jar ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, sai duwatsun Abzin baƙi ƙirin daga arewa, sai kuma layin itatuwa da ke bin gaɓar Telwa, ƙoramar da ba ta ɗaukar ruwa sai da damina, shi ma na ƴan kwanaki. Daga nan hasumiyar babban masallaci ta bayyana, mita 27 ta laka da itace soke a jikinta, wadda aka gina wajajen 1515 aka kuma sabunta a 1844. Babu gulbi, babu tabki, babu kwalekwale. Saboda haka in wani baƙo ya sauka a filin jirgi na Mano Dayak rataye da sandar fatsa da akwatin ƙugiyoyi, ƴan dako za su yi masa barka da zuwa, su ɗauki kayan cikin ladabi, dariyar kuwa sai sun koma gida. Amma ba za a ce baƙon ya ɓata hanya ba. Makara ce ya yi, ta shekara kamar 5000.

Kafin a zo ga wannan zance, ya kamata a san cewa ɗaukar kayan su a jirgin sama ba ƙaramin aiki ba ne, ko ina mutum ya nufa. Ma'aikacin da ya tafi ƙaro ilimi Faransa ya sayo sandar fatsa don hutun ƙarshen mako a bakin Isa, da ɗan kasuwan da ya je Dubai ko Sin ya sari ƙugiyoyi da zaren koma don masuntan Gaya da Diffa, duka sukan yi karo da dokoki iri guda. Yawancin manyan kamfanoni suna karɓar akwatin da bai wuce kilo 23 ba, wanda tsawonsa da fāɗinsa da tsayinsa in an haɗa ba su zarce santimita 158 ba. Sanda ƴar fal ɗaya mai mita biyu ta riga ta keta wannan iyaka, sai a lissafa ta cikin kayan wasanni, wani kamfani ya ɗauka kyauta, wani ya caji kuɗi, kuma sai an sanar tun lokacin yankan tikiti. Masu wayo sukan sayi sandar da ake kwancewa gida uku ko huɗu, su naɗe ta da tsumma, su zura cikin tiyo mai kauri irin na ruwan famfo, su toshe bakinsa biyu. Wanda ya taɓa ganin yadda ake jifa da kaya a cikin jirgi ba ya tambayar dalili.

Manyan ƙugiyoyi da wuƙa da almakashi wurinsu cikin kayan da ake aunawa ne. Tun bayan harin 11 ga Satumba na 2001 a Amurka aka tsananta wa abu mai kaifi a inda fasinja ke zaune, daga 2006 kuma aka ƙayyade abu mai ruwa-ruwa ga kwalbar mililita 100. Darmar da ake ɗaura wa koma don ta nutse ba haram ba ce, nauyi ne da ita: tafi biyu sun isa su tura akwati ga biyan kuɗin ƙari, ribar ɗan kasuwa ta narke a kan sikeli. Ƙananan jirage masu farfela da ke zirga-zirgar cikin gida kuwa, rumbun kayansu gajere ne, abin da ya shiga jirgin Faris ba lalle ya shiga na Agadas ba. Ga wani abin mamaki ga masu kai tsaraba: dokar Tarayyar Turai ta hana fasinja shiga da nama da madara, wato kilishi da cuku sai dai su tsaya a hannun ƴan duwan, amma ta yarda da kifi busasshe ko banda har kilo 20. Tsarabar Abzin ta gaskiya an hana ta, wadda Abzin ba ta da ita an buɗe mata ƙofa.

Filin jirgin kansa yana ɗauke da sunan mutumin da jirgi ya yi ajalinsa. Mano Dayak, wanda ya kafa kamfanin yawon buɗe ido na Temet kafin ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawayen Abzinawa, ya rasu ranar 15 ga Disamba 1995 sa'ad da ƙaramin jirgin da zai kai shi Yamai ya faɗi a cikin Abzin, wata takwas bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu. Daga ƙarshen shekarun 1990 jiragen haya na Point-Afrique suka riƙa sauko da Turawa kai tsaye daga Faransa kowane lokacin sanyi. Masu otel, direbobin kat-kat, ƴan jagora, maƙeran azurfa da dukawa, kowa ya ci moriya. Tawaye na biyu da ya ɓarke a 2007 ya yanke wannan igiya, satar ma'aikata a Arlit a Satumba 2010 ta ƙara dagula al'amari. Daga bisani sojojin Amurka suka gina sansaninsu a kudancin gari, suka yi ta tashin jirage marasa matuƙi har suka kwashe nasu-ya-nasu a Agusta 2024. Garin da UNESCO ta sa cikin jerin gadon duniya a 2013 ya samu lambar girma a lokacin da masu zuwa kallonsa suka ɗauke ƙafa.

To, ina maganar makara? Tana gabas da gari, kilomita kamar 150, a bakin Tenere, kusa da Gadufawa inda Bafaranshe Philippe Taquet ya tono ƙasusuwan manyan dabbobin farkon duniya a tsakiyar shekarun 1960. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago yana neman irin waɗannan ƙasusuwa, sai mai ɗaukar hoton ayarin ya yi gaba kaɗan zuwa wasu tuddan rairayi, ya tarar da ƙasusuwan mutane kwance a fili, iska ta tone su. Wurin sunansa Gobero. Aka dawo aka yi tono a 2005 da 2006 tare da Elena Garcea ta Italiya da masana na Nijar, cikinsu har da Abdoulaye Maga da Oumarou Idé, aka bayyana sakamako a 2008: kaburbura kusan 200, maƙabarta mafi tsufa mai wannan girma da aka sani a Sahara, a bakin wani tabki da ya ƙafe.

Mutanen farko sun zauna wurin daga wajajen 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa. Dogaye ne, ƙarfafa, waɗansu sun kusa mita biyu. Sana'arsu su da farauta, kayan aikinsu kuma suna nan tare da su: kawunan zago na ƙashi masu haƙora a gefe, da ƙugiyoyi na ƙashi da aka goge har suka yi santsi. A jujinsu an tsinci ƙayar giwan ruwa, da ta tarwaɗa da karfasa, da ɓawon kififiya, da ƙasusuwan kada da dorina. Duk masuncin da ya san aikinsa zai gane ma'anar giwan ruwa a nan, domin kifi ne da ba ya zama a kududdufi, sai ruwa mai zurfi mai iska. Masana sun laƙaba wa waɗannan mutane sunan wani wuri kusa da Adrar Bus da ake kira Adrar-n-Kiffi, inda ayarin Desmond Clark ya yi bincike a 1970, suna ne da ba ya wuce kunnen Bahaushe ba tare da murmushi ba. Fari na shekara kamar 1000 ya kore su. Da ruwa ya dawo wajajen 5200, wasu mutane dabam suka zo, sirara, masu kiwo tare da su, suka zauna har wajajen 2500. Su ne suka binne wata yarinya da munduwar haƙorin dorina a damtse. Su ne kuma suka kwantar da wata mace tana fuskantar yara biyu, hannuwansu a sarƙe, kuma ƙurar furen da aka samu a kabarin ta nuna a kan furanni aka shimfiɗe su.

Dalilin wannan ruwa ba asiri ba ne. Karkatar duniya da yanayin zagayenta ga rana suna sauyawa sannu a hankali cikin dubban shekaru, kuma a wancan zamani zafin bazara ya fi ƙarfi a arewa, sai ya riƙa jan iskar damina har cikin zuciyar Sahara. Tabkin Cadi a lokacin ya mamaye murabba'in kilomita kamar 350 000, alhali a 1963, shekarar da tsofaffin Gigimi ke tunawa da cikarsa, 25 000 ne kacal. Raƙuman dawa na Dabus da aka sassaƙa a dutse arewa da Agadas shaidu ne na wannan dausayi. Ko a yau akwai saura a wasu wurare: kadoji ƴan kaɗan a tafkin dutse na Arshe cikin Ennedi ta Cadi, da ƙananan kifaye a Iherir cikin Tasili ta Aljeriya. Kafin ɗan Adam ma, a lissafin masana shekara miliyan 110 da suka wuce, Gadufawa bakin kogi ce, inda kadan da ake kira Sarcosuchus mai tsawon fiye da mita 9 yake kwana, tare da Suchomimus mai dogon baki da aka gano a 1997, wanda abincinsa kifi ne. Abin ban dariya shi ne Abzinawan dauri, magada wannan ƙasa, da yawansu ba su ko taɓa kifi da baki.

A nan ne maganar jirgi da ƙugiya take daina zama raha. Kayan su da ke shigowa Agadas ta sama ba su taka kara sun karya ba. Waɗanda suka fita su ne abin lissafi. Wani kashi ya fita ta ƙofa: abin da aka tono a Gobero an kai shi Chicago da izinin hukuma domin nazari, har da kabarin macen da yaranta wanda aka ɗauke ɗungurungum, bisa alkawarin dawowa. Wani kashi kuma ya fita ta taga. A shekarun da turis ke cika gari, kan kibiya na dutse da gatarin dutse da duwatsun ado da dutsen niƙa ana shimfiɗa su a tabarma a bakin otel kamar goro, mai saye ya cusa cikin safa, safa ta shiga akwati, akwati ya shiga jirgi. Kan zago na ƙashi bai fi yatsa tsawo ba, ba ƙarfe ba ne balle na'ura ta yi kuka. Ɗan duwan da zai kwace wuƙar yankan farce yana iya barin ƙugiya mai shekara 9000 ta wuce gabansa, don ba wanda ya taɓa nuna masa kamanninta.

Ba za a ɗora wa talakan da ya tsinta laifin duka ba. Makiyayin da fari ya cinye wa raƙuma, in ya ga dutsen da Bature zai ba jika biyar a kansa, ba zai tsaya tambayar shekarunsa ba. Sai dai hasarar ta fi kuɗin nesa ba kusa ba. Ƙugiyar da aka ɗauke daga inda take ta zama abin ado kawai: ba a san kabarin da ta fito ba, ba a san ƙashin da ke gefenta ba, ba a iya auna zamaninta. Doka kuwa akwai ta. Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 mai yaƙi da fataucin kayan tarihi, sannan doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba tare da izinin hukuma ba. Amma doka a takarda kamar koma ce a rataye, kifi na ganinta yana wucewa. Yankin Abzin da Tenere da aka sa cikin gadon duniya a 1991, aka kuma mayar cikin jerin masu fuskantar haɗari tun 1992, ya fi murabba'in kilomita 77 000, Gobero ma tana wajensa. Wa zai tsare?

Sereno ya kafa gidauniyar NigerHeritage da burin gina gidajen tarihi biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Agadas, inda kayan za su sauka in sun dawo. Magabatan jaha da ƴan kasuwar gari su ne ya kamata su fi kowa matsa lamba a kan wannan, ba don son tarihi kaɗai ba. Duk ranar da hanya ta sake buɗewa, baƙon da ya zo ganin masuntan Tenere a cikin gilashi zai kwana otel, ya hau mota, ya sayi gicciyen Agadas na azurfa. Wanda ya saye ƙugiyar ya tafi da ita kuwa ba ya da sauran dalilin dawowa. Yaron lakwal na Agadas ma yana da hakkin ganin abin da aka tono a bayan garinsu ba sai ya nemi biza ba.

Shi kuwa mai sandar fatsa da ya nace sai ya jefa ƙugiya a ruwa, sai ya bar filin jirgi ya nufi tasha. Hanyar uraniyom za ta kai shi kudu maso yamma, ya wuce Abalak, bayan kilomita kamar 350 ya iske tabkin Tabalak kwance a gefen gudro, kafin a shiga Tawa. Can akwai kwalekwale da taru da mamari, akwai masunta ƴan ƙasa da baƙi, akwai ma'aikatan gandun daji da za su tambaye shi takardar izinin su. Mata suna soya tarwaɗa da karfasa a bakin hanya, motocin da suka nufi arewa suna tsayawa, fasinja suna ƙunshe kifi cikin takarda da yaji don tsarabar mutanen Agadas da Arlit.