Ƙwaryar Ranar Kasuwa

A wani ƙauye na ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi a Nijar, akwai wani gida a bayan kasuwa inda ake sayar da burkutu. Matar da ke da gidan takan fara aiki tun kasuwa da saura kwanaki. Ta jiƙa dawa, ta rufe ta har ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa a manyan tukwane, sa'an nan ta bar ta ta tashi. Wannan giya ba ta jimre ajiya, in ta daɗe sai ta yi tsami. Saboda haka ranar da aka fito da ita, ranar ake shanye ta.

Da la'asar maza sukan zauna a kan gumagumai ƙarƙashin rumfa, ƙwarya tana zagayawa. Mai tsire yana bakin ƙofa, yarinya tana tallar ƙosai da gyaɗa, romon kan akuya yana tafasa a gefe. Duk wanda ya shigo, sai a matsa masa wuri, a miƙa masa ɗanɗano kafin ya fid da ko dala.

Cikin masu zama a rumfar nan har da wani dattijo Kirista, manomi, wanda a dā muryarsa ce ke ɗaga waƙa a majami'a. A shekarar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, farin dango suka cinye saura. A 2005 yunwa ta shigo, 'ya'yansa maza suka tafi ci-rani Nijeriya, matarsa kuma ta rasu da damina. Daga nan ya soma zuwa bayan kasuwa. Kowace kasuwa sai ya ɗebi tiya biyu ta gero daga rumbu ya sayar, ya komo gida da dare yana tangaɗi.

Dattawan ikilisiya suka kira shi, suka yi masa faɗa, suka karanta masa gargaɗin Manzo Bulus a kan buguwa cikin Afisawa sura 5. Da bai daina ba, suka dakatar da shi daga Jibin Ubangiji. Gaskiya suka faɗa, gama rumbunsa yana ƙarewa, jikinsa kuma yana lalacewa. Amma ba wanda ya tambaye shi kome.

Wata tsohuwa ta zumuntar mata, aminiyar marigayiya, ita ce ta tare shi a hanyar rijiya. Ta ce, "Yaya, don Allah me kake samu a can?"

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Tun da aka binne uwar yaran nan, ban sa hannu a akushi ɗaya da kowa ba sai a gidan nan. A majami'a ana gaishe ni ran Lahadi, kowa ya kama gabansa. A can kuwa ana ce mini, matso."

Tsohuwar ba ta yi masa wa'azi ba. Da kasuwa ta zagayo, ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka. Ba ta aika masa gida ba. Mijinta ta tura ya ɗauko shi, suka ci tare a zaure har dare ya yi. Mako na gaba wani gida ya karɓa, haka aka riƙa yi bi da bi.

Bai bar sha nan take ba. Sau biyu ya koma rumfar, sau biyu aka je aka kamo hannunsa ba tare da gori ba. Kafin kaka ta biyu ya durƙusa tare da 'yan'uwa ya karɓi Jibi.

Luka sura 19 ta nuna Yesu ya fara sauka a gidan Zakka tukuna, daga baya Zakka ya tuba. Mai burkutu ba ta san wannan sura ba, amma ta san mutum ba ya son cin abinci shi kaɗai, da wannan sani kuwa take cika rumfarta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ya ɗan'uwa mai karatu, kafin ka ƙirga waɗanda aka gani a bayan kasuwa, ka ƙirga gwauraye da tsofaffin ikilisiyarku waɗanda za su ci tuwon daren yau su kaɗai.