Me Ya Sa Jirginmu Yake Zamewa Hagu?

A harkar ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, irin wanda ake sarrafawa da rimot, babu abin da ya kai tsayar da shi wuri ɗaya a sama wahala. Tashi kam kowa zai iya: ka tura sandar hagu gaba, farfela ta ɗau gudu, jirgi ya bar ƙasa. Daga nan ne aiki yake farawa. Ba ka taɓa komai ba, sai ka ga jirgi yana sulalewa gefe a hankali, ko hancinsa yana juyawa, har ya je ya daki bango. Wannan zamewar ita ta cinye mana kusan zango guda na karatu, kuma ita ta koya mana abin da muke so mu gaya wa 'yan uwanmu ɗalibai.

Mu shida ne, 'yan aji biyu na babbar sakandare, dukkanmu 'yan cikin birni kuma 'yan ƙungiyar JETS ta makarantarmu. Karo-karo muka yi da kuɗin tara da na barka da salla muka sayi jirgin na hannu. Yana da babbar farfela ɗaya a sama da ƙarama a jela, batirinsa kuma ba ya wuce minti bakwai. Fikafikan canji biyu kacal ya zo da su, ba mu kuma san inda za mu sami wasu a Kano ba. Ga shi mun riga mun sa sunanmu a baje kolin kimiyya na ƙarshen zango. Duk karon da ya yi da bango, kuɗinmu ne da sunanmu suke raguwa. Ranar da ya faɗa kan shanyar kuɓewa a tsakar gida, Inna ta yanke hukunci: "Ku ji nan, 'yan nan, ya sake faɗowa kusa da ƙannenku, to ya bar gidan nan ke nan."

Rimot yana da ƙananan maɓallai na daidaitawa, waɗanda ake dannawa don a karkata jirgi kaɗan zuwa ɓangaren da ake so. Suna da amfani idan zamewar ƙarama ce. Namu kuwa mun danna na dama har ƙarshe, yana nan yana tafiya hagu. Da muka kai kuka wurin malaminmu na Fiziks, bai karɓi rimot ɗin ba. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Ku sayo littafi mai shafi ashirin. Kowane tashi ku rubuta abin da kuka canza da abin da kuka gani, kuma kada ku canza abu biyu a lokaci ɗaya."

Tambayar farko ita ce: laifin jirgi ne ko na iska? A cikin birni wannan tambaya ce babba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, amma idan ta shiga lungu, ta daki soraye da katangu, sai ta riƙa kewayawa a tsakar gida ta inda ba ka zata ba. Gwajin da ya raba mana gardama mai sauƙi ne. Muka tashe shi hancinsa na kallon gabas, muka rubuta inda ya zame. Muka sauke shi, muka juya hancin yamma, muka sake tashinsa. Idan iska ce, zai ci gaba da tafiya kusurwa ɗaya ta gari ko ina ya fuskanta. Idan matsalar a jikinsa take, zamewar za ta juya tare da shi. Namu da fari ya nufi arewa, na biyu ya nufi kudu, wato kullum hagunsa yake bi. Iska ta fita daga zargi. Duk da haka muka koma yin gwaji a cikin ajin da babu kowa, tagogi a rufe, fanka a kashe.

A nan ne dokar Newton ta 3, wadda muka haddace don jarrabawa, ta zama abin da muke gani da ido. Babbar farfelar jirginmu tana juyawa irin na hannun agogo idan ka kalle ta daga sama. Yayin da inji yake murɗa farfela ta wannan ɓangare, gangar jikin jirgin tana neman juyawa ta ɗaya ɓangaren. Aikin farfelar jela shi ne hana wannan juyi, ta hanyar tura jelar zuwa hagu. To amma abin da ya tura jela hagu ya tura jirgin gaba ɗaya hagu. Shi ya sa irin wannan jirgi yake zamewa hagu lokacin tashi, kuma idan ya tsaya daidai a sama za ka ga ya ɗan jingina dama. Manyan jiragen gaske ma suna fama da haka, tun daga VS-300 da Igor Sikorsky ya fara tashi da shi a Amurka a 1939. Ke nan wani kaso na zamewar halittar jirgin ce, maganinta ɗan taɓa sandar dama lokacin tashi.

Mun kuma lura cewa ya fi rawa idan yana dab da ƙasa. Iskar da farfela ta turo ƙasa tana dukan daɓe ta dawo, sai jirgin ya riƙa santsi a kanta. Da muka ɗaga shi ya kai tsayin ƙugu, rabin rawar ta tafi.

Sauran rabin sai da muka bi shi gaɓa gaɓa. Na farko nauyi. Muka ɗaga jirgin da yatsu biyu ta kan sandar da ke riƙe farfela, sai ya rinjaya baya, domin wanda ya sayar mana ya sa batirin da ba nasa ba. Muka matsar da batirin gaba muka ɗaure da kyauro har jirgin ya tsaya sambal. Na biyu, ƙarƙashin farfela akwai wani ɗan faifai da ke karkatar da ita, wanda siraran sanduna suke ja suna turawa. Idan sandunan rimot suna tsakiya, ya kamata faifan ya kwanta daidai. Namu ya karkata hagu, saboda ɗaya daga cikin sandunan ta lanƙwashe. Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ne ya miƙe mana ita da filaya, yana cewa, "Samari, ku riƙa duba abu da ido kafin ku zargi waya." Muka ce, "To Baba, mun gode." Na uku, muka shafa jan alli a bakin fiffike ɗaya, fari a ɗayan. Da farfela ta juya sai muka ga layi biyu a maimakon ɗaya, alamar fiffike ɗaya ya fi ɗan uwansa hawa. Muka sa sabo guda cikin biyun da muke ɓoyo, karkarwar ta ragu.

Juyin hanci kuwa labarinsa daban ne. A cikin jirgin akwai wata ƙaramar na'ura da ake kira jairo, mai jin duk wani juyi tana ba injin jela umarni. Lokacin da aka jona batir, tana ɗaukar 'yan daƙiƙu tana auna abin da za ta ɗauka a matsayin tsayuwa. Idan jirgin yana hannu yana motsi a wannan lokaci, ma'aunin ya gurɓace. Don haka muka kafa doka: a kunna rimot tukuna, a ajiye jirgi a shimfiɗaɗɗen wuri, a jona batir, kowa ya janye hannu sai fitila ta daina ƙiftawa. Zafi ma yana taɓa jairo, shi ya sa ba ma fito da shi daga ɗaki mai sanyi mu tashe shi nan take a rana. Ƙurar hunturu da zare suna naɗewa a injin jela, sai mu share da tsohon burushi. Littafinmu ya kuma nuna cewa daga minti na 5 hancin yakan fara juyawa, lokacin da batir ya yi rauni. Da mun ga haka sai mu sauka.

Bayan duk wannan, danna biyu kawai maɓallin daidaitawa ya buƙata. A baje kolin, jirgin ya tsaya cikin da'irar alli mai faɗin taku huɗu har kusan minti ɗaya. Alƙalan sun fi daɗewa a kan littafin fiye da jirgin.

Ba mu ne farau ba a garin nan. A 2007, wani ɗalibin Fiziks na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, yana da shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu wanda mutum yake shiga, da injin mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Wata 8 ya yi yana aikin, jirgin kuma ya ɗaga kimanin ƙafa 7. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Zariya tana nan tun 1964, biyu daga cikinmu kuma can suke hari.

Ga wanda zai gwada, a kula: fiffike yana yanka, don haka a nisanta da yara da fuska. Kada a bar batir yana caji babu mai kallo, wanda ya kumbura kuma a daina amfani da shi. Kada a tashi jirgi kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano ko a saman gidajen maƙwabta, a kuma nemi izinin manya. Littafinmu yanzu ya kai tashi 64. Za mu bar wa 'yan aji ɗaya shi tare da jirgin da fiffike guda da ya rage, shafukan ƙarshe kuma nasu ne su cike.