Shekarun da Muka Yi Muna Jiran Kuɗin Masaƙu

A Kakuri na tashi, a Kaduna ta Kudu, zamanin da jiniyar masaƙa ce ke tsara wa unguwa lokacinta. In ta kaɗa da asuba masu aikin dare su fito, na safe su shiga, titi ya cika da kekuna. Mai shayi, mai ƙosai, tela, mai gidan haya, kowa da albashin masaƙa yake lissafi, ko da bai taɓa taka ƙofarta ba. Mahaifina yana ɗaya daga cikin masu kula da injin kaɗin zare a ɗaya daga cikin masaƙun, kuma da wannan albashi ya sa mu makaranta.

Duk wanda zai zargi mutanen Kakuri da dogaro da gwamnati, ya fara sanin asalin abin. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa masaƙar KTL, ta fara aiki a 1957. A shekarun 1960 Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ake gurzawa a kawo, baƙin man da ke dafa tukwanen tururi daga baya matatar man Kaduna ke bayarwa, wuta ta NEPA ce, kan iyaka kuma kwastan ke tsare shi. Ta kowace fuska hannun hukuma ne ke riƙe da masaƙa. Don haka da abin ya fara tangaɗi, babu inda idon ma'aikaci zai kalla sai can.

Tangaɗin ya daɗe da farawa kafin mu yara mu gane. Shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, wato SAP, na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadarin rini suka yi tsada, aka kuma rushe hukumar cinikin auduga, manomi ya rasa tabbacin mai saye. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ko da aka maido da haramcin daga baya, atamfar Sin ta riga ta san hanya: ta sauka Kwatano, ta ratsa Nijar, ta ɓullo kasuwar Kantin Kwari da zane irin namu a farashin da babu masaƙar da ke ƙona dizal a janareto za ta iya sayarwa. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, UNTL da ta fi kowa girma ta tsaya a 2007.

Ranar da aka sallami su Baba ba a ce musu an rufe ke nan har abada ba. Cewa aka yi su je gida, za a neme su. Wannan kalma ta "za a neme ku" ita ta fi cutar da gidanmu. Baba ya riƙa goge katin shaidarsa yana ajiyewa a aljihun gaba. Rediyo ba ya barin kunnensa. A ƙarshen mulkin Obasanjo aka yi shelar naira biliyan 70 don farfaɗo da masaƙu. Na tuna daren, har nama aka sayo a gidanmu. Kuɗin nan ba mu ga ranar da suka tayar da inji ko ɗaya a unguwarmu ba.

A tsakanin nan wani ɗan'uwan Baba ya kira shi Zariya su haɗa jari a cinikin hatsi, ya ƙi. Umma ta ce masa, "Malam, ka je mana, in an buɗe ai labari zai iske ka." Ya ce, "Ke ba ki san aikin kamfani ba. Wanda ba ya nan ranar kiran suna, shi ke nan an tsallake shi." Ba ragwanci ba ne. Mutum ne da ya ƙware a sana'a ɗaya, manya kuma suna ta rantse masa a rediyo cewa sana'ar na dawowa. Umma ba ta ƙara magana ba, ta shiga adashi, ta sayi keken ɗinki, ta fara ɗinka kayan makaranta. Abin da har yau yake min ciwo shi ne yadin da take ɗinkawa na waje ne, don shi iyayen yara ke iya saye. Da shi muka ci tuwo.

Tallafin da ya zo da gaske shi ne naira biliyan 100 na auduga da masaƙu da ɗinki, wanda Bankin Masana'antu ya riƙa bayarwa rance. Da shi aka sake buɗe UNTL a ƙarshen 2010, Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo ya zo bikin. An ɗauki ma'aikata, amma kaɗan daga cikin na da, yawancin ƙofofin Kakuri kuwa suka ci gaba da zama a garƙame. A ƙarshen wannan shekarar dai gwamnati ta sassauta haramcin shigo da wasu yadudduka. Ka ba mutum bashi ya gyara inji, ba ka ba shi wuta ba, ba ka ba shi baƙin mai ba, ba ka tsare kan iyaka ba, da me zai biya ka? Zuba ruwa ne a kwando. A 2019 Babban Banki ya sake gwadawa, ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, ya raba wa manoma irin auduga a Katsina. Lokacin Baba ya riga ya tsufa, yana gadin wani shago, kuɗin sallamarsa ba su fito ba.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ta cire hannu daga masana'antu. Ƙasashen da suka cika kasuwarmu da atamfa ba su bar masaƙunsu a hannun Allah-ya-kyauta ba. Abin da na ƙi shi ne tallafin da ake shelarsa don a ji daɗin kanun labarai, wanda ke ɗaure talaka a gindin rediyo shekara da shekaru, alhali da an faɗa masa gaskiya tun farko da ya kama wata hanya da sauran ƙarfinsa. Mai jari yana da inda zai juya kuɗinsa, da yawa ma sun koma shigo da yadin da ya kashe su. Ma'aikaci shekarunsa ne jarinsa, kuma babu asusun da ke maido su.

Kafin a sake kiran taro a ambaci wasu biliyoyin farfaɗo da masaƙu, a fara biyan tsofaffin ma'aikatan da suka rage da zawarawan waɗanda suka rasu haƙƙinsu. Suna nan a Kakuri da Makera da Nasarawa, takardunsu na hannunsu.