Kwalin da ba a buɗe ba

Wata Laraba cikin hunturun 2019 ina shagona a Zongon Sokodé ina yankan yadi, aka bugo mini waya daga Dapaong cewa ƙanena yana hannun jandarma. Yaron mota ne a wata babbar mota mai jigilar siminti daga Lome zuwa Sinkase, kuma duk unguwa an shaide shi, ko sigari bai taɓa sawa a baki ba.

Da motarsu ta yada zango a Sokodé, wani ɗan kasuwa da muke haɗa sahu da shi a masallaci ya miƙa masa kwali biyu naɗe da salatif. Ya ce maganin ciwon jiki ne, a kai wa ɗan'uwansa, ya haɗa masa da jika biyu kuɗin shayi. A wurinmu ba a buɗe saƙo. Wanda ya buɗe ya nuna bai yarda da mai shi ba, kuma yaro ba ya yi wa babba haka. A shingen da ke gab da shiga Dapaong aka farke kwalayen, sai ga tramol, kowace ƙwaya an rubuta mata 225.

Daren nan na kama hanya. Bafilo, Kara, Mango, kusan kilomita 300, ban runtsa ba. Na same shi zaune a ƙasa ba takalmi. Abin da ya fara faɗa shi ne, "Yaya, wallahi saƙo ne." Na yarda da shi nan take, har yau kuma na yarda.

Lauyan da muka samu dattijo ne ɗan ƙabilar Moba, yana jin Hausar kasuwa. Shi ya zaunar da ni ya warware mini abin da ban taɓa sani ba. Togo tana da dokar ƙwayoyi tun 18 ga Maris 1998, kuma dokar ta bambanta wanda aka kama da ɗan abin da zai sha da wanda ya ɗauko kaya zai kai wani wuri. Na farko ana iya dubansa a matsayin mai buƙatar magani, na biyu kuwa sahun masu safara ake sa shi, ko da ladarsa jika biyu ce. Ya ce tramol magani ne na gaskiya, likita yana rubuta mai lamba 50 a saya a kantin magani. Mai 225 ɗin nan, irin wanda ake ƙerawa a Indiya a shigo da shi ta tashoshin ruwa, ba asibitin da ke ba da shi. 'Yan zemijan, wato 'yan acaɓa, da leburori ke haɗiyarsa don su kwana suna aiki, wasu ya kayar da su kamar masu farfaɗiya.

Sannan ya ɗauko takardar bayanin da aka rubuta cikin awa 48 na farko, kafin a kai yaron gaban mai gabatar da ƙara. Da Faransanci take, ƙanena kuwa allo ya yi. An tambaye shi kwalin na wane ne, ya ce, "Nawa ne." Nufinsa shi aka damƙa wa, kada a taɓa maigidansa direba, mutumin da ya riƙe shi shekara huɗu yana koya masa tuƙi. Wannan kalma ta ladabi ita aka rubuta, ya kuma dangwala yatsa a ƙasanta. Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci, domin yaron ya yi abin da muka tarbiyyantar da shi a kai ne, mu kuwa ba wanda ya taɓa gaya masa cewa yana da damar neman a karanta masa takarda da harshen da yake ji kafin ya sa hannu.

A kotu an kawo tafinta. Direban ya tsaya ya yi shaida, lambar ɗan kasuwar ma tana cikin wayar yaron, har da lokacin da ya kira. Mutumin dai tuni ya kulle shago ya yi hanyar Gana. Alƙali ya sassauta, amma bai sallame shi ba, domin kayan a hannunsa aka samu. Wata goma sha ɗaya ya yi a kaso. Inna ta sayar da tumakinta uku, ni kuma duk ƙarshen wata nakan hau mota da garin rogo da ƙuli-ƙuli da sabulu.

Yanzu shi ke jan motar kansa, kuma akwai reza a aljihun gaban rigarsa kullum. Bara ina tsaye a tasha wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo ƙunshi a kai wa 'yarta a Mango. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, ki yi mini haƙuri, sai na gani." Ta ɓata rai, ta ce ita ta yi masa wankan jariri. Ya ce ya sani. Ya yanke zaren a gabanta, ya ga kuka da daddawa, ya sake ɗaurewa da hannunsa ya sa a bayan kujerarsa.