Kalangun Shata a Cikin Wayar Salula

Mu 'yan Sabon Ibadan kunnenmu ya saba da ganga iri biyu. A tsallaken titi Yarabawa na buga dundun ɗinsu, a cikin gida kuwa kalangun Mamman Shata ne ke tashi daga rikodar iyayenmu. Dukansu ganguna ne masu magana. Makaɗi ya matse igiyoyin a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, kamar dai yadda muryar Bahaushe ke hawa da sauka in yana zance.

To, yau 'ya'yanmu ta waya suke jin Shata, su ce mana, "Baba, wannan ai hayaniya ce kawai." Ba laifinsu ba ne. 'Yar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, don haka gindin kalangu ya tafi, sai ƙarar bugun sanda ta rage. Ga kuma yadda waƙar ta iso gare su. Wani ya kwafo ta daga kaset ɗin da shi ma kwafi ne, ya mai da ita MP3, wanda a yadda aka fi yinsa yake zubar da kusan kashi goma cikin sha ɗaya na nauyin abin da ke kan faifan CD. Wani ya ɗora mata hoto ta zama bidiyo, wani ya sake matse ta don ta shiga WhatsApp. Kowane juyi da abin da yake ci.

Waƙoƙin zamani kuwa dama don waya ake haɗa su. A situdiyo ana danne wurare masu ƙarfi a ɗaga masu sanyi, har waƙa ta zama ƙara ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, don kada ta wani ta fi ta tashi a cikin kasuwa. Fiyano ke yin aikin makaɗa, Auto-Tune kuma, wanda ya fito a 1997, ya goge duk wata gargada ta murya. Muna jin su, muna rawarsu a biki. Amma Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, daɗinsa yana wurin da ya yi ƙasa da murya ne kafin ya ɗaga. In aka daidaita komai, ina daɗin?

Abin da ya sa muka damu, mu a nan kurmi waƙoƙin nan makaranta ce. Yaron da aka haifa a Sabo, Yarabanci a titi, Turanci a aji, a bakin Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge zai ji Hausar da ba ta kasuwa ba. In sautin ya dagule, kalmomin ma ba zai tsinta ba.

Gyaran bai kai kuɗin da muke zato ba. Maimakon ƙatuwar akwatin Bluetooth mai walƙiya, a nemi lasifika biyu da ƙaramar amfilifaya, ko da na hannu ne. A raba su hagu da dama, daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, a janye su kaɗan daga bango. A rage bes, don in ya yi yawa shi ke haɗiye muryar mawaƙi.

Sai kaset-kaset ɗin da ke jibge a ƙarƙashin gadajen dattawanmu. Laimar ƙasar nan ba ta raga musu, fumfuna na cin zaren a hankali. Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya a 2015, ba mai sake rera mana su. Mu fito da su, a goge kan rikoda da auduga da sifirit, a juye su cikin kwamfuta a tsarin WAV wanda ba ya zubar da komai, a ajiye a wuri biyu. Matasanmu masu tura waƙa a memori sun iya aikin nan sarai, in dai mun sa su. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.