Bayan Ritaya: Allura, Fensir da Fitar Laraba

Idan ke ma'aikaciya ce, ki ɗan ba ni aron hankalinki, domin ranar da na gani tana nan tafe gare ki in Allah Ya ja kwana.

Na fara koyarwa a makarantar firamare a Kano a 1984, na ajiye alli a 2019 bayan cika shekara 35 a bakin aiki. An yi mini walima, an yi addu'a, kowa yana cewa Hajiya sai hutu. Ban san hutun nan jarrabawa ba ne sai da aka kwana biyu. Bayan sallar asuba da azkar sai in tsinci kaina ina neman jaka da mayafi, sannan in tuna babu inda za ni. Kuɗin sallama bai fito da wuri ba, ga kuma jelen tantancewar 'yan fansho. Amma duk ba wannan ne ya fi cutar da ni ba.

Abin da ya kusa ɓata mini gida shi ne idona. Babban ɗana da matarsa suna sashe guda a gidanmu. Da na rasa ɗaliban da zan yi wa gyara, sai na mayar da yarinyar nan ɗalibata. Miya ta yi gishiri, shara ba ta fita ba, goyon ma ba haka ake yi ba. Wata rana na ji ta a ɗaki tana kuka a hankali, tana gaya wa mahaifiyarta a waya cewa ta rasa yadda za ta yi ta burge ni. Wallahi jikina ya yi sanyi. Yarinyar da ke durƙusawa har ƙasa ta gaishe ni, ni ce na zame mata abin tsoro.

Da na gaya wa Malam, sai ya ce, “Hajiya, ba halinki ba ne, zaman banza ne.” Gaskiyar Hausawa, da zaman banza gara aikin kishiya. A daren na janye zanin da na lulluɓe tsohon kekena na ɗinki, Butterfly na ƙafa, wanda na saya tun ina amarya. Mai gyara ya canza masa bel, ya ɗiga masa mai, sai ga shi yana gudu.

Yanzu ga yadda kwanakina suke. Da hantsi, lokacin da ido yake gani sosai, nakan yi ɗinki na awa biyu: hijaban yara, zanin gado, rigunan filo da kayan jarirai. Nakan tashi in miƙe ƙafa saboda baya da gwiwa. Bayan azahar sai littafin zane da fensir. Ba na zana mutum ko dabba, ganye da fure da ƙofofin gari da adon bangon tsofaffin gidaje sun ishe ni. Abin da na zana nakan kwafa a kan yadi da alli, in bi shi da zare. Ranakun Asabar da Lahadi kuwa na Islamiyyar matan aure ne, inda nake gyara tajwidina.

Laraba ce ranar shiga gari, da izinin Malam. Nakan hau A Daidaita Sahu zuwa Kantin Kwari in tsinci ragowar yadi da atamfa, waɗanda suka fi araha a kan turmi. Wani makon in leƙa Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, in sayi zare in kalli aikin dukawa. Wani lokaci in tsaya a marinar Ƙofar Mata in ga yadda ake ɗaure yadi kafin a tsoma shi a baba, ko in zauna a Gidan Makama ina kwafar zanen bango. Shekara da shekaru ina wuce wuraren nan a guje, ban taɓa tsayawa na dube su ba. Kafin la'asar na dawo gida.

Wata Laraba na ce wa surukata, “'Yata, shirya ki raka ni.” Ta ɗago kai da mamaki. A Kwari na gano ta fi ni iya haɗa launi, ta kuma fi ni iya ciniki. Yau ita ke yanka, ni ke ɗinkawa, ita kuma ke ɗora hotunan kayan a WhatsApp. Ribar ba ta da yawa, amma tana sayen zare da magani, har a yi sadaka. Miyarta kuwa, ashe ba ta taɓa yin gishiri ba.

'Yar'uwa, Manzon Allah (SAW) ya ja hankalinmu a kan ni'imomi biyu da mutane da yawa suke asararsu, wato lafiya da sararin lokaci. Kada ki jira takardar ritaya kafin ki nemi abin da hannunki zai riƙe. Tun ran gini, tun ran zane. Allah Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.